Waƙar Mihaya a Gonar Gwaggo Balki

Tottori, Japan
Farkon watan bakwai

Taubashiyata Raƙiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mai gidanki, da ƴan lakwal ɗinki, ɗaliban da sunka samu hutu daga tsawarki. Ƙanena Anas ya ce mini kin tattara kin koma Kalfu wajen Inna, can za ki yi bakans, hutun damina, wai har da ke za a yi noma bana. Allah shi tsare geron mutane. Ni lafiyata lau, mura ce ta ɗan taɓa ni ta wuce. Ga shi na ɗauko biro da takarda yadda kinka ce, in na gama in ɗauki hotonta in turo, tunda kin ce muryata a waya barci take sa ki.

Nan ma damina ta sauka, amma ba irin tamu ba. Babu cida, babu iska mai ɗage rufi, ba wanda ke gudun kwashe shanya. Wani siririn ruwa ne ke zuba tun safe har yamma, duwatsu su shige cikin gajimare, teku ta haɗe da sama har mutum shi rasa inda ɗaya ta ƙare. Gonar da nike aiki tana bakin tekun, rairayi ne zalla, muna noman wata ƙaramar albasa a ciki. Wani lokaci in na duƙa ina aiki sai in manta, in ɗauka da na ɗago kai zan ga jajayen duwatsun Adar. Sai in ɗago in ga jirgin masunta.

Akwai labarin da nike so in ba ki, ki yi haƙuri da tsawonshi. Tsohuwar da nike haya gidanta, Teruko, tana da ɗiya guda, sunanta Mihaya. Mawaƙiya ce, kuma ba ƙarama ba, hotonta har jikin jirgin ƙasa. Shekara da shekaru da Japananci take waƙa. To watan da ya wuce ta fitar da faifanta na farko da Ingilishi zalla, tun daga waƙar fari har ta ƙarshe. An ce ta daɗe kulle cikin ɗakin naɗar waƙa, tana tanƙwara harshenta har ya yarda. Gari ya ɗauka. Wasu na cewa ta raina harshen iyayenta, wasu na cewa kasuwar Amurka take hange, wasu ma dariyar lafazinta suke yi.

Ita tsohuwar ko kalma guda ta Ingilishi ba ta ji. Ba ta taɓa zuwa kallon wasan ɗiyar ba, in anka nuno ta a tele sai ta tashi wai za ta duba tukunya. Faifan ya iso mata ta gidan waya, babu takarda a ciki, babu komi. Amma tun ranar, kullum da safe sai ta kunna shi a madafa, ta buɗe taga, ta fita lambunta na gauta tana cire ciyawa, muryar na bin ta.

Shekaranjiya ta tare ni bakin ƙofa. Ta ce, "Abu-san," haka suke kirana nan, "kai ka yi karatu da Ingilishi. Waƙar ƙarshe, mi take cewa?" Munka zauna, na saurara, na fara juya mata da ɗan Japanancin da gare ni. Waƙar wata yarinya ce da za ta bar gida da jirgin safe. Uwarta ba ta raka ta tasha ba, tana lambu ta ba ta baya. Yarinyar na cewa, Inna, bayanki na fi sani da fuskarki, ki juyo sau ɗaya ki kira ni. Ban kai rabi ba tsohuwar ta ɗaga hannu, ta ce ya isa. Ta daɗe tana kallon ruwan da ke ɗiga daga rufi, sannan ta ce, "Ta tafi ta aro harshen wasu ta faɗa, don kada in ji nauyin amsawa." Ta tashi ta koma lambunta cikin ruwan.

Raƙiya, kin san inda hankalina ya tafi. Ni ɗan fari ne, kuma ni ba baƙon al'adarmu ba ne. Na san uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu. Tun yaye anka kai ni Tawa wajen Kaka, kuma muddin Kaka na raye ban taɓa jin na rasa wani abu ba. Takan tsaya bakin zaure ta ja sunana tun daga Abdul har Rahimu, unguwa duk ta ji. Tun da ta rasu bara ba wanda ya sake faɗin shi haka. Nan ni Abu-san ne. A bakin Inna kuwa "na Kaka" nike. In na kira wayar Anas ya miƙa mata, "lafiya lau" take cewa ta mayar mashi.

Ga maganar. Patron ɗina, mai gonar da nike wa aiki, shina so in zauna dindindin, aiki na har tsufa, da gidan zama. Ya ba ni zuwa ƙarshen watan goma in ba shi amsa. In na yarda, gida sai dai ziyara, ita ma jefi-jefi. Ni kuwa na kasa sanin abin da nike so sai na san abin da Inna ke so. Ke ɗiyar ƙanenta ce, ba ta jin nauyinki. Ki tambayar mini ita, in zauna ko in komo? Kalma guda ta ishe ni.

Na turo miki waƙar ƙarshen nan. Ki kunna mata, ki ba ta labarin tsohuwar da lambunta. Ban san amfanin hakan ba, na dai ji ina so ta ji abin da nike ji kowace safiya.

Naki,
Abdulrahim

Kalfu
Ƙarshen watan bakwai

Ɗan Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, kuma rubutun nan naka mai kama da tonon kaza har yanzu Japan ba ta gyara shi ba. Muna lafiya. Gwaggo Balki lafiyarta lau, sai gwiwar hagu da ke yi mata tsiya in anka yi ruwa. Anas na gona tun asuba. Gero ya kai gwiwa, kuma don ka sani, layin da ni na nome ya fi na kowa kyau. Mai gidan na can Tawa shina cin abincin kasuwa, kullum sai ya kira ya yi mini kukan wuya.

Bana Allah ya yi ruwa. Tabkin gabas ya cika har ya taɓo gindin gawo, duwatsun nan da ka sani jajaye sun yi kore shar, da yamma balbelu su sauko su jeru bakin ruwa suna kallon kansu. Ranar kasuwa na raka Gwaggo, ta gamu da wata Ba'abziniya mai saida cuku, sunka zauna ƙarƙashin rumfa suna ta zuba Tamajak, harshen Abzinawa. Ka san a Tebaram ta tashi cikinsu. Wallahi dariya take har da riƙe ciki. Ni dai ban taɓa ganin haƙoran Gwaggo duka ba in da Hausa take magana.

To, waƙarka. Da la'asar na kunna, Gwaggo na zaune tana tankaɗe. Kai, wagga yarinya! Murya siririya, ka ce yanzu za ta tsinke amma ba ta tsinkewa, ga wani kiɗa a ƙarƙashi ɗis, ɗis, irin na indararo bayan ruwa ya ɗauke. Ingilishina na koleji ya daɗe da guduwa, ban tsinci komi ba, amma sai na ji ina kewar wani wuri da ban taɓa zuwa ba. Washegari da na kwanta barcin rana na yi mafarkin teku ta zo har bayan rumbunan Kalfu, tana taɓa su a hankali tana komawa, kaji na tsaye suna kallo. Ni da ko kogin Yamai sau ɗaya na taɓa gani, shi ma ta tagar mota.

Sa'ad da na kunna ɗin, rariyar Gwaggo ta tsaya a hannunta har waƙar ta ƙare. Na ba ta labarin tsohuwar yadda ka ce. Sannan na karanta mata takardarka, duk inda sunanka ya fito in ce "na Kaka". Da na zo wajen tambayar na aje salula na ce, "Gwaggo, shi zauna ko shi komo?"

Ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce, "In can ya fi mashi, shi zauna. Mu nan ba mu rasa komi ba." Ta kakkaɓe zane, ta tashi ta nufi garken awaki.

Ka ce kalma guda, ga shi na samo maka fiye da guda. Ina da sauran magana, amma rezo, layin waya, sai kan tudun bayan gari, ga hadari ya haɗo daga gabas, in ban ruga yanzu ba takardar nan sai wani sati. Ka riƙa cin abinci, a hoton da ka turo wuyanka ya yi tsawo.

Taubashiyarka da ta fi ka hankali,
Raƙiya

Tottori
Tsakiyar watan takwas

Raƙiya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan gwiwar Inna ta yi sauƙi. Akwai wani man shafawa da tsofaffin nan ke amfani da shi, in na samu mai tahowa zan aiko. Ni lafiya lau, zafi ne dai anka shiga. Mun fara dashen albasa, rairayi na ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi.

Na karanta takardarki har na hardace ta. "Mu nan ba mu rasa komi ba." To madalla. Ni na nemi amsa, an ba ni, ba ni da bakin ƙorafi. Na yi ta juya maganar ko zan samu wata ƴar kafa a jikinta, ban samu ba. Da shiru ma ta yi, Raƙiya, da na san yadda zan yi da shirun, da shi na girma. Amma ta buɗe baki ta ce ba a rasa komi ba.

Kin tuna ranar da zan taho, ke da Anas da Kaka kunka raka ni tasha. Inna ta zo Tawa ranar, amma ta tsaya gida wai wanki gare ta. Shekarun nan duk ina gaya wa kaina kunya ce. Yanzu na fara tunanin ko yaron da anka ɗauke tun yaye, a hankali wurinshi ke cikewa, kamar ramin da anka ɗebi ƙasar gini. Ba laifin kowa ba ne. Amma ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba.

Satin nan mutanen nan ke tuna mamatansu. Da magariba sunka sauko bakin kogi da ƴan fitilun takarda, kowa ya rubuta sunan nashi, sunka sake su kan ruwa. Ni na tsaya kan gada ina kallo, na yi wa Kaka addu'a irin tamu. Fitilun na tafiya a hankali, su haɗu, su rabu, har sunka zama ɗigo-ɗigo can wajen bakin teku. Mihaya ba ta zo ba, tana yawon wasa da faifanta a ƙasashen waje. Tsohuwar ta saki fitilar mijinta ita kaɗai. Muna komowa gida na ji tana bin amon waƙar ƙarshen nan ta hanci, ba ta san ina ji ba.

Ina ga zan ce wa patron to. Ba yau ba, amma can na karkata. Kin ce kina da sauran magana. In akwai, ki faɗe ta.

Abdulrahim

Tottori
Ƙarshen watan tara

Raƙiya,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Shirun ya yi yawa. Na kira Anas, ya ce kowa lafiya, salularki ce ta mutu, kafin in tambaye shi yadda anka yi rezo ya yanke. Alhamdu lillahi da ba ciwo ba ne. Ina rubutawa duk da haka, ranar da kinka samu wata ki tarar.

Guguwar teku ta bi ta kanmu satin da ya wuce, ta kwantar da gautan tsohuwa, mun wuni muna ɗaɗɗaure su da sanduna. Dashe ya ƙare. In watan goma ya kusa fita albasar za ta yi fure, rairayin duk shi koma ruwan shuni. Ina so in ce miki ina ɗokin gani, amma bana ba na ɗokin komi.

Kwanan nan ina yawan mafarkin Kalfu. Ina shigowa gida, kowa na nan, ana daka, ana ta hira, ina sallama ba mai amsawa. Ba fushi ake da ni ba, ba a dai ganina. Inna ta wuce ta gabana da ƙwarya har zanenta ya taɓa ƙafata. In na farka sai in ji muryar Mihaya na hawowa daga madafa, in rasa ko a wace ƙasa nike.

Patron ya sake tambayata jiya. Na ce shi ƙara haƙuri zuwa lokacin da munka yi. Ni kaina ban san mi nike jira ba.

Abdulrahim

Tawa
Tsakiyar watan goma

Kai ɗan Gwaggo,

Sallama. Muna lafiya, an koma lakwal, bana an haɗa ni da ƴan aji ɗaya masu kuka da majina. Gwiwar Gwaggo da sauƙi tunda ruwa ya ɗauke. An fara girbi, gero ya yi kai, masha Allah. Na sayi sabuwar salula, ina kunna ta takardunka biyu sunka faɗo tare. Na karanta su a tsaye bakin shagon mai waya, na rasa ko in yi kuka ko in nemo bulala. Kar ka kuskura ka ce wa patron ɗin nan komi sai ka kai ƙarshen wagga takarda.

Bari in fara da sauran maganar da hadari ya hana ni rubutawa. Ranar da Gwaggo ta ce ba a rasa komi ba ta nufi garke, an riga an ba awakin nan dussa da ruwa, ni na ba su da hannuna. Ƙwarya wofi ta ɗauka. Ta shiga tsakiyarsu ta ba ni baya, ta tsaya nan har anka kira magariba, awaki na jan bakin zanenta ba ta kore su ba. Ni na ga bayan, kai magana kawai ta iso maka. Da ka gani da ba ka rubuto mini zancen rami ba.

Sai salula. Kwana kaɗan bayan na turo maka takarda ta ɓace. Na birkice ɗaki, na zargi Anas, har kaji sai da na harara. Ran nan na sa hannu cikin tukunyar gero zan ɗebo na daka, na ji abu mai tauri. Ita ce, an binne ta cikin gero, ta mutu murus. Na fito da ita a hannu, Gwaggo na bakin murhu. Ba ta ko dube ni ba ta ce, "Ruwa ya kama ni da ita a gona. An ce gero na shanye laima."

Ashe duk safiyar da na koma barci bayan asuba, ɗaukar ta take, ta ƙulle a bakin zane ta tafi gona. Ta lura da inda nike dannawa. Anas ya ce ya sha jiyo muryar Bajapaniyar nan na tashi daga tsakiyar gero, ya ɗauka mutanen ɓoye ne, ya riƙa canza hanya shina karanta addu'a. Ka ji wadda ba ta rasa komi ba.

Ban yi mata faɗa ba, ina zan iya? Munka ci gaba da zama babu waƙa. Wata rana muna tsinkar wake, rana ta yi sanyi, daga ni sai ita, sai ta ce, kamar da ganyen take magana:

"Ita tsohuwar can, ta amsa wa ɗiyar?"

Na ce, "Ba ta amsa ba, Gwaggo."

"Harshe nawa gare ta?"

"Guda ne, nasu."

Ta ce, "Allah sarki." Ta ci gaba da tsinka. Ban gane inda ta dosa ba sai Asabar ɗin da ta wuce.

Na je Kalfu in kai musu sukari da ganyen shayi. Bayan azahar gida ya watse, kowa na gona wajen ɗaurin dami. Gwaggo ta dubi sabuwar salular ta ce, "Wagga ma tana ɗaukar magana ta kai?" Na ce tana ɗauka. Ta ce, "Nuna mini." Na nuna mata. Ta ce, "Randa ba ruwa, je ki rijiya." Randa kuwa cike take har baki, amma na ɗauki bokiti na fita. Na yi zamana bakin rijiya ina kallon raƙuma na shan ruwa, na ba ta lokaci har inuwa ta yi tsawo.

Da na komo na tarar da salular kan turmi, an kife ta da ƙwarya. Gwaggo kuwa ka san inda take, wajen awakinta.

Na saurara, ba zan yi maka ƙarya ba, ai ni ce ƴar aike. Da Tamajak ta yi saƙon, tun daga fari har ƙarshe. Murya ƙasa-ƙasa, da farko magana, daga baya ta zama irin waƙar da ake yi wa jinjiri a goye. Ban san Gwaggo na da wagga murya ba. Ban fahimci komi ba sai abu guda, shi kuwa ba sai an fassara maka ba. Na zauna kan turmin na sha kukana na share ido.

Ga shi na haɗo da takardar. Ban san ko zauna ta ce ko komo ba, kada ka tambaye ni. Akwai Madam Hadiza da muke koyarwa tare, mutuniyar Abalak ce, Tamajak ta sha a nono. In kana so in kai mata ta juya shi kalma-kalma kafin wa'adin patron ɗinka shi cika, ka faɗa mini da wuri.

Da zan taho na ce, "Gwaggo, in tura?" Ta ce, "Wane abu?" tana kallon akuya.

Raƙiya

Tottori
Ƙarshen watan goma

Taubashiyata,

Assalamu alaikum. Lafiya lau nike, lafiyar da na daɗe ban ji irinta ba. Ina gaida mai gidanki da ƴan majinarki. Ki gaida Madam Hadiza, amma kar ki kai mata. Kar ki kai wa kowa.

Saƙon ya same ni a gona da hantsi. Albasa ta yi fure, rairayin duk ya rufe da shuni tun daga bakin hanya har inda teku ta fara, ƙudan zuma na ta kai da kawowa. Na karanta takardarki a tsaye, sannan na nemi wuri tsakanin layuka na zauna, na kara salula a kunne. Na ji motsin zanenta, na ji kukan akuya daga nesa, na ji ta yi gyaran murya. Sai ta fara. Ko kalma guda ban sani ba, ina dai bin muryar duk inda ta yi. Can cikin waƙar sai ga shi. Abdulrahim. Ba ta ja shi irin na Kaka ba. Sai da ta ɗan tsaya kafin ta faɗa, kamar mai taka ruwan da ba ta san zurfinshi ba. Sannan ta sake, ta kuma sakewa, har ya zauna a bakinta. Raƙiya, na kifa fuskata cikin furannin mutane na yi ta kuka, har abokin aikina ya rugo ya ɗauka zuma ce ta harbe ni.

Na yi tunanin tayin da kinka yi. Wataƙila cewa ta yi in zauna in ci arzikina inda Allah ya kai ni, halinta ne, za ta iya. Wataƙila cewa ta yi in komo. Amma ki duba, ta zaɓi harshen da ta san ba na ji, ta kore ki rijiya, ta kife da ƙwarya. In munka kai wa wani ya buɗe, mun kware mata baya. Abin da ta so in ji na ji shi. Ko mi sauran ke cewa, ni dai ina so in zauna kusa da bakin da ya faɗi sunana haka, tun shina iya faɗa.

Jiya na samu patron na ce mashi na gode, zan kammala shekarar aikin in tafi gida. Ya sunkuya, ni ma na sunkuya. Mutumin kirki ne. Ya ce in gwada albasar a rairayin arewacin Tawa, in aiko mashi da hoto in ta yi fure.

Tsohuwa Teruko ban kunna mata ba, labarin kawai na ba ta, har da tambayar da Inna ta yi, ko harshe nawa gare ta. Ta yi dariya ta rufe baki da hannu. Da safe ta tare ni ta ce, da harshenku, yaya uwa ke gaya wa ɗiyarta ta ji? Na koya mata: ɗiyata, na ji. Tun lokacin take maimaita wa gautanta, harshen na tuntuɓe tana sakewa. Mihaya za ta zo hutun sabuwar shekara. Ban san ko za ta faɗa ba, amma faifan na can madafa shina juyawa, ita kuma tana lambu tana bita.

Yanzu ga aikenki. Na san ranar da na sauka Kalfu Inna ba za ta tarye ni ba. Zan yi sallama, ta amsa tana kallon wani wuri, ta ɗauki ƙwarya ta nufi garke. Ku bar ta. Ni ma zan zauna in sha furata, ba zan bi ta ba, kuma ba zan taɓa ɗaga mata maganar ba. In ta tambaye ki ko saƙon ya tafi, ki ce rezo ne, ba ki da tabbas. Ki dai ce mata na Kaka shina tafe kafin ruwan shuka, a aje mashi iri.

Naki,
Abdulrahim, na Inna